Baba Na-Layi da Jan Madanni

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a filayen unguwannin garin ya san Baba Na-Layi. Wanda bai san fuskarsa ba ma ya san tsayuwarsa. Ba ya zama a benci, ba ya hawa inda 'yan kallo suke. Wurinsa ɗaya ne, bakin layi, daidai tsakiyar fili, hannuwa a baya kamar malamin da ke tsaron jarrabawa. Daga nan sunan ya fito, ya bi shi har ya danne na gaskiyar. Matarsa ma, Allah ya ji ƙanta, in ta so tsokanarsa sai ta ce, "Na-Layi, nan gida ne, akwai kujera."

Aikinsa zaƙulo 'yan wasa. Shi kansa bai taɓa zama ɗan ƙwallon a-zo-a-gani ba. Ɗan baya ne mai taurin kai da gwiwa ta sallama da wuri. Amma Allah ya ba shi ido, babbar ƙungiyar garin ta gane haka ta riƙe shi. Tun yana da baƙin gashi har ya koma fari yana yawo daga wannan fili zuwa wancan, filin makaranta, filin bayan kasuwa, filin da ragarsa duwatsu biyu ne. In ya dawo ya ce a ɗauki yaro, an ɗauke shi. In ya yi shiru, magana ta ƙare.

Abin da ya raba shi da sauran masu wannan sana'a shi ne, ba ya kallon ƙwallo. Yakan ce ƙwallo kowa yana kallonta, har mai sayar da ruwa. Shi yaron yake kallo, kuma lokacin da ya fi so shi ne lokacin da ƙwallo ta kuɓuce masa. Akwai yaron da zai ɗaga kai nan take ya bi ta a guje. Akwai wanda zai ɗaga hannu ya ɗora wa wani laifi. Akwai kuma mai sunkuyar da kai ya kalli ƙasa. Wannan na ƙarshen, a wurin Baba Na-Layi, bai isa ɗauka ba, ko da kuwa ya yanke mutum biyar kafin nan.

Sai dai ba nan yake tsayawa ba. In an tashi wasa, 'yan kallo sun watse, sai ka gan shi yana jan gurguwar gwiwarsa zuwa wurin mai sunkuyar da kan. Zai tsaya a gefensa yana kallon yadda yake kwance igiyar takalmi, ya tambaye shi sunan unguwarsu, ya yi masa ba'a kan askinsa. In yaro ya saki jiki sai ya jefa masa tambayar.

"Wa kake tsoro?"

Yara kan yi tsuru-tsuru, sannan su faɗa. Wani babansa ne, wani yayansa, wani kocin unguwa mai bakin zagi. Baba Na-Layi sai ya ce, "To, ka ci gaba da zuwa. Zan sake gani." Zai kuwa sake zuwa, ya sake, har kan yaron ya miƙe ko kuma ya tabbata ba zai miƙe ba. Da yawa daga cikin waɗanda garin ya yi alfahari da su daga baya, ta wannan hanya suka shigo. Shi bai taɓa lissafa wannan a cikin aiki ba. A ganinsa aiki shi ne tsayuwa a layi, wannan kuwa hira ce.

Yana da 'ya guda, tela ce, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya. Ita da ɗan suka dawo gidan tsohon, keken ɗinkinta a tsakar gida, takalman ƙwallon yaron a bayan ƙofa. Ana kiran yaron Bahago, don da hagu yake komai, cin abinci ne kawai uwarsa ta yi nasara a kai. Ƙafar hagun nan kuwa ba a magana. In ya ɗauko ƙwallo ta gefen fili, masu tsaron baya sai su fara kallon juna. Ya daina mai da hankali a makaranta, ya ƙi zama a shagon kawunsa mai gyaran tayoyi, duk ransa yana kan abu ɗaya, ya shiga ƙungiyar matasa ta babban kulob. Shekarunsa kuma sun kai gaɓar da in bai shiga a gwajin bana ba, baɗi ya tsufe musu.

Tsohon ma abin da ke ransa ke nan, ko da yake ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. Yana da doka da ya kafa wa kansa, ba ya duba jininsa. Ya ga masu sana'arsa da suka cusa 'ya'yansu aka yi ta yi musu dariya a bayan ido, ya rantse ba za a yi da shi ba. Yana zuwa duk wasan Bahago, yana tsayawa a layi kamar kullum. Amma da zarar ƙwallo ta kuɓuce wa yaron, sai ya kau da kai, ya juya yana kallon bishiya ko katanga har wasa ya wuce wurin. Ba ya son idonsa na aiki ya yanke wa jikansa hukunci. A ganinsa wannan adalci ne, har yana jin daɗin kansa a kai.

A gida kuwa wasa suke kamar sa'o'in juna.

"Tsoho, yau ka ga abin da na yi wa dogon nan?"

"Na ga ka faɗi."

"Shi ya ture ni!"

"Iska ce ta ture ka. Ka ci abinci, ƙafarka kamar sandar rake."

Uwar kan ɗago daga keke ta ce, "Baba, ai kalma ɗaya za ka faɗa musu."

"Kalmata ba ta gida ba ce. In ya isa, za su gani da idonsu."

A farkon shekarar ne manajan kulob ya kira shi ofis. Mutum ne mai fara'a da yawa, irin wanda in ya fara yabonka sai ka sha jinin jikinka. Ya ce kulob zai kawo abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato na'ura mai koyo, wadda za ta kalli bidiyon wasanni ta ware yaran da suka dace. Ya ce manyan ƙungiyoyin duniya duk sun koma haka. Ya ce amma na'ura jaririya ce, sai an koya mata, kuma duk garin babu idon da ya kai na Baba.

"So muke idonka ya zauna a kulob ɗin nan har abada," in ji Manaja.

Maganar ta shige shi. Mutumin da ya yi shekara da shekaru a rana ba wanda ya taɓa ce masa sannu, yau an ce idonsa zai zauna har abada. Ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai, har gwiwar ta manta da ciwo.

Aka haɗa shi da wata matashiya da kowa ke kira Injiniya. Yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa barin ya ɗauko wa kansa ruwa ba. Ɗakin aikinta ba taga, sanyin na'ura kamar cikin firji, ga allon kwamfuta mai faɗi, ga kujera mai taya da ke gudu da mutum in bai riƙe tebur ba. Ranar farko ya ƙi zama, sai da ƙafa ta gaji ya haƙura. Ta ajiye masa ɗan akwati mai madannai biyu, kore da ja.

"Baba, zan riƙa sa maka guntayen bidiyo. Kowane yaro ka kalle shi. In da a fili ne za ka ɗauke shi yau, ka danna kore. In ba za ka ɗauka ba, ka danna ja."

"Yau ɗin nan?"

"Yau ɗin nan."

To, Baba Na-Layi ba ya ƙarya a kan ƙwallo. Yaro ya rasa ƙwallo ya sunkuyar da kai, yau dai ba zai ɗauke shi ba, sai ya danna ja. Wani ya zo ya yi haka, ja. Ya yi ta yi, mako ya bi mako, har yatsansa ya saba, kafin kan yaro ya gama sauka ya riga ya danna. Injiniya tana mamakin saurinsa, shi kuma yana ƙara sauri don ta yi mamaki. Ya ma fara son ɗakin. Ba rana, ba ƙura, ba iyayen yara masu tare shi a hanya.

Kuma a yi wa yarinyar adalci, ta tambaye shi. Wata rana ta tsayar da bidiyon ta juyo da kujerarta.

"Baba, na lura duk mai sunkuyar da kai ja kake ba shi. A fili ma shi ke nan? Ba abin da ke biyo baya?"

Ya tuna tsayuwarsa a gefen yara suna kwance igiyar takalmi. Sai ya ga ai abin kunya ne ya zauna a ɗaki mai sanyi haka, gaban mai ilimi, yana ba da labarin yadda yake yi wa yara ba'a kan aski. Ya ga kamar zai rage wa idonsa daraja, a ce ashe ma ba ya ganewa a kallo ɗaya.

"Nakan ɗan je mu gaisa," ya ce. "Wannan ai hira ce, 'yata, ba aiki ba. Sa mana na gaba."

Ta sa na gaba.

Da aka gama koyar da na'ura aka yi ɗan taro a ofis. Aka ba shi rigar kulob an rubuta Na-Layi a baya, aka tafa, aka ɗauki hoto. Manaja ya ce daga yau Baba ya zama mai ba da shawara, ya huta a gida, in an buƙace shi za a kira. Ya ajiye wayarsa kusa da shi, yana duba ta ko da ba ta yi ƙara ba. Ba a kira ba. Sauran masu zaƙulo yara su ma aka sallame su ɗaya bayan ɗaya, wani ya koma tuƙin haya, wani ya koma gadi. In sun haɗu da shi a hanya suna gaishe shi, amma gaisuwar ta yi gajarta. Ya san dalili, kuma abin yana cin sa.

Duk da haka bai daina zuwa fili ba, ƙafarsa ba ta san wata hanyar ba. Yanzu a kowace kusurwa an kafa dogon ƙarfe da kyamara a kai. Yaran da a da in sun hango shi sai su gyara riga, yanzu kyamarar suke yi wa wasa. Yana tsaye a layi kamar turken da aka manta ba a cire ba. Abu ɗaya ke sanyaya masa rai. Yakan ce wa kansa, tunda idonsa ne a cikin na'urar, ai Bahago ya tsira. Idonsa ba zai ga wannan ƙafar hagu ya bar ta ba, kuma ba wanda zai ce kaka ne ya cusa jika.

Ranar gwaji Bahago ya yi wasan da bai taɓa yi ba. Ya ci ɗaya, ya bayar aka ci ɗaya, har yaran ɗaya ɓangaren suka tafa masa. Ya rasa ƙwallo 'yan lokuta kamar kowa, tsohon kuma ya kalli katanga kamar kullum. Da aka tashi ba wanda ya kira sunan kowa. Wani ma'aikaci ya ce kowa ya tafi gida, sakamako zai zo ta waya.

Sakamakon ya zo bayan 'yan kwanaki, da hantsi, uwar tana kan keke. Bahago ya karanta, ya sake karantawa, ya ajiye wayar a kan tebur ya shige ɗaki. Uwar ta ɗauka ta duba. An gode masa da halartar gwaji, ana yi masa fatan alheri. Keken ya tsaya.

"Baba," ta ce, "ka ce in ya isa za su gani."

Ya sa rigar da aka rubuta sunansa a baya, abin da bai taɓa yi ba, ya nufi kulob. A bakin ƙofa sabon mai gadi ya tambaye shi wa yake nema. Sai da Injiniya ta fito da kanta ta shigar da shi.

"An yi kuskure," ya ce tun kafin ya zauna. "Akwai yaro mai hagu, lamba goma sha ɗaya. Na'urarku ta makance."

Ta nemo bidiyon. Ta ce na'ura ta ba yaron maki mai kyau a gudu, a yanka, a bugun raga. Abu ɗaya ne ya ja shi ƙasa, kuma shi ne abin da na'urar ta fi ba wa nauyi. Ta sa wurin. Ƙwallo ta kuɓuce wa Bahago, ya tsaya, kansa ya sauka har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji.



"Ba ya haka," in ji tsohon. "Ban taɓa ganin ya yi haka ba."

Ta sa wani wurin, haka. Ta sa wani, haka. Sai ta ce bari ta buɗe hoton ya nuna fili duka, ko akwai abin da ya faru. Ta rage gudun bidiyon. Yanzu ana ganin komai a hankali. Ƙwallo ta tafi. Kafin kan yaron ya sauka, sai da ya waiga bakin layi da sauri. A can gefen allo, daidai tsakiyar fili, ga wani tsoho hannuwa a baya, yana juya wa fili ƙeya. Yaron ya ga ƙeyar, sannan ya sunkuya.

Injiniya ta kalli allon, ta kalli mutumin da ke gefenta, ta gane. Ta janye hannunta daga kwamfutar.

Ya daɗe yana kallon ƙeyar kansa. Bai taɓa ganinta ba, bai san ta yi sanƙo haka ba. Sannan ya ce, "Ina akwatin nan mai madannai? Kawo shi in danna kore."

"Baba..."

"Ni na koya mata. Ni zan gyara."

Ta ciro akwatin daga aljihun tebur, ƙura ta ɗan hau shi. Ta ce zai iya dannawa, za a ƙara a cikin abin da na'ura ta koya, amma ba zai canza komai ba.

"Dannawa ɗaya ce a kan dubbai, Baba. Kuma dubban nan duk kai ne."

Ta ce za ta kai maganar gaban Manaja da kanta, ta kuwa kai, da shi a biye. Manaja ya tarbe su da fara'arsa. Ya ce wallahi abin ya taɓa shi, amma an riga an rufe sunaye, kuma dalilin kawo na'urar ma shi ne a daina ɗaukar ɗan wane da jikan wane. Ya ce ai Baba ne ya fi kowa riƙo da wannan aƙida, kulob a wurinsa ya koya. Duk abin da tsohon zai faɗa, da bakinsa ya riga ya rushe shi.

Ya fito bai nemi mota ba, ya taka da ƙafa, gwiwar tana yi masa zugi. Ya wuce filin bayan kasuwa, yara suna wasa a ƙarƙashin kyamara. Wani ƙarami ya rasa ƙwallo ya sunkuyar da kai. Tsohon ya tsaya cak. Ya san abin da za a rubuta wa wannan yaron, ya san wanda ya rubuta, ya kuma san ba mai zuwa ya tsaya a gefensa in an tashi. Baƙin ciki ya kama shi, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka fitar da gawar matarsa daga gida.

Bai sami Bahago a gida ba. Uwar, ba tare da ta ɗago ba, ta ce yana shagon kawunsa. Takalman ƙwallon ba sa bayan ƙofa, ta ce ya ba ɗan maƙwabta.

A shagon ya same shi tsugune gaban wata tayar babbar mota, yana zura ƙarfe da hannun hagu, rigarsa ta riga ta yi baƙi. Tsohon ya tsaya a gefensa, hannuwa a baya. Ya nemi ba'ar da zai fara da ita, ya kalli askin yaron, bai sami komai ba. Sai kawai ya yi tambayar da ya yi wa 'ya'yan mutane ba adadi, bai taɓa yi wa na gidansa ba.

"Wa kake tsoro?"

Bahago bai daina aiki ba. Ya danna ƙarfen, bakin tayar ya ɓalle daga ƙarfenta.

"Ba tsoro ba ne, Tsoho. Duk lokacin da na ɓata sai in ga ka juya. Na ɗauka kunyata kake ji. Shi ya sa nake kallon ƙasa, don kada in ga ka juya ɗin."

"Ba kunya ba ce."

"To."

"Ka dawo fili," in ji tsohon. "Ka ci gaba da zuwa. Zan sake gani."

A nan ne Bahago ya ɗago. Ya kalli kakansa ido cikin ido, ba fushi a fuskarsa, ba kuma wasan da suka saba. Ya ga rigar kulob a jikin tsohon, ya ga gumin da ya jiƙa ta.

"Ka gani ka gaya wa wa?"

Wata mota ta tsaya a bakin shagon, direba ya leƙo yana cewa tayar baya tana sacewa. Bahago ya goge hannu a wando ya tafi wurinsa. Baba Na-Layi ya tsaya inda yake, a gefen titi, yana kallon jikansa yana sassauta noti da hannun hagu. Wannan karon bai kau da kai ba.